Feshi, hotuna masu yawa ko manhajar da aka horar: wanne ya dace da sikanin ƙarfe mai ƙyalli?

Duk wanda ya taɓa ɗora gogaggen ƙarfe a gaban na'urar sikan mai haska ratsi ya san abin da ke biyo baya. Roba da itace da filasta suna fitowa a allon kwamfuta tsaf. Da an kawo alminiyam da injin yanka ya gama da shi, ko farin ƙarfe da aka goge, sai siffar ta fito da ramuka, wani wurin kuma da tsinaye kamar ƙaya, alhali a hannu abin sumul yake. An daɗe da sanin magungunan wannan matsala, sai ga shi a 'yan shekarun nan koyon na'ura, wato horar da manhaja da misalai masu yawa, ya shigo, masu talla suna cewa an yi bankwana da gwangwanin feshi. Kafin mutum ya kashe kuɗinsa, ya kamata ya san abin da kowace hanya ke gyarawa da abin da take rufewa kawai.

Sai an fahimci yadda na'urar ke aiki sannan kwatancin zai yi ma'ana. Majigi yana haska ratsin haske da duhu a jikin abu, kyamara kuma tana kallo daga gefe. Inda abu ya yi tudu ko kwari, ratsin yana lanƙwashewa. Na'urar tana matsar da ratsin kaɗan-kaɗan tana ɗaukar hoto, aƙalla sau uku, daga nan ta lissafa inda kowane fiksil, wato ɗan ɗigon hoto, ya faɗa a cikin zangon ratsin. Da wannan lissafi, da sanin tazara da kusurwar da ke tsakanin majigi da kyamara, ake fitar da nisan kowane ɗigo. Duk aikin ya dogara ga sharaɗi ɗaya: fuskar abin ta watsa haske ko'ina, yadda kyamara za ta samu rabonta daidai gwargwado.

Ƙarfe mai sheƙi ba ya watsawa, jefawa yake yi kamar madubi. Gogaggen alminiyam yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, kuma yawancinsa ta fuska ɗaya. Idan jifan ya dace da idon kyamara, fiksil ya cika ya tumbatsa. Kyamara mai bit 8 tana ƙirga haske ne daga 0 zuwa 255, duk abin da ya haura haka 255 za ta rubuta, sai kan ratsin ya gutsure, lissafi ya karkace. Tazarar yatsa ɗaya daga wurin kuma hasken ya tafi wani gefe, kyamara ba ta samu komai ba sai duhu da hayaniyar lantarki. Akwai matsala ta uku da ba a cika ambata ba, kuma ita ta fi mugunta: a cikin kwarmi ko lungu, haske yana dukan bango ɗaya ya faɗa kan ɗayan, sai fiksil ya karɓi ratsi biyu a cakuɗe. Nan ba rami ake samu ba, siffa ce ke fitowa cikakkiya amma ta ƙarya. Rami ido yana ganinsa. Ƙarya mai kama da gaskiya kuwa sai ta wuce har cikin rahoto.

Feshi shi ne tsohon magani, kuma har yau babu wanda ya kai shi sauƙi. Ana fesa farar hoda, galibi ta titaniyam dayoksaid, ko kuma irin wanda ke gushewa da kansa bayan wasu sa'o'i, kamar na kamfanin AESUB na Jamus. Da fuskar ta dusashe, matsalolin nan uku sun ragu a lokaci guda, har da ta lungu, wadda sauran hanyoyin ke fama da ita. Ba a buƙatar sabuwar na'ura ko injiniyan manhaja. Aibinsa a bayyane yake: abin da ake aunawa yanzu saman hodar ne, ba ƙarfen ba. Feshi mai gushewa yakan kai kaurin maikiron goma ko kusa da haka (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), hodar titaniyam da gwani ya fesa da ƙaramar bindigar iska kuma tana iya yin ƙasa da haka sosai. Gashin mutum kusan maikiron 70 ne, don haka a ido wannan ba komai ba ne. Amma a ɗauka ana auna sanda da aka yarda kuskuren kaurinta ya kai maikiron 50. Hodar tana gefe biyu, goma nan goma can, ashirin ke nan. An cinye kashi biyu cikin biyar na rangwamen tun ba a fara awo ba. Kuma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina, yana taruwa a kusurwoyi, yana bambanta daga hannun wannan ma'aikaci zuwa na wancan. Ga lokacin fesawa da na wankewa, ga kayan da ba a yarda a taɓa su da hoda ba sam, irin ƙarfen da za a dasa a jikin mutum ko kayan lantarki masu buƙatar tsafta. A kan layin masana'anta da kaya ke wucewa ba tsayawa kuwa, maganar feshi ba ta ma taso ba.

Hanya ta biyu ita ce ɗaukar hotuna da yawa, kowane jeri da tsawon buɗewar idon kyamara daban. Gajeren buɗewa yana kama wuraren ƙyalli ba tare da sun tumbatsa ba, dogo kuma yana tono wuraren duhu. A kan kowane fiksil sai a zaɓi jerin da ya fi haske amma bai cika ba. Song Zhang da masanin lissafi Shing-Tung Yau sun bayyana wannan dabara a 2009, kuma yanzu kusan kowace na'urar sikan ta masana'antu tana da irinta. Abin da nake so game da ita shi ne ba ta ƙirƙiro komai. Kowane ɗigo da ta bayar haske ne na gaske da kyamara ta gani, kuma inda ba ta gani ba, ta bar rami. Kuɗinta lokaci ne. Idan awo ɗaya yana cin hoto 12, wato faɗin ratsi iri uku kowanne da matsawa huɗu, buɗewa biyar ta mai da shi hoto 60, daga kusurwa ɗaya kawai. Dole abin ya tsaya cik duk tsawon lokacin, ko rawar injin da ke kusa tana iya ɓata awon. Matsalar lungu kuma tana nan daram, domin hasken da ya yi tsalle daga bango zuwa bango yana cikin kowane hoto, gajere da dogo.

Tana da ƙanwa: maimakon sauya kyamara, a sauya majigi. A yi awon gwaji, a gano wuraren da suka tumbatsa, sai majigi ya rage haskensa a daidai waɗannan wuraren. Hotuna sun ragu, amma sai an san wane fiksil na majigi ne ke haska wane fiksil na kyamara, kuma a wurin da ya tumbatsa ne wannan sanin ya fi wuya. Kaza da ƙwai ke nan, shi ya sa ake maimaita zagayen sau biyu ko uku.

Gilashin folaraiza, wanda ke tace haske bisa kwanciyar igiyarsa, ba zan daɗe a kansa ba. A kan fenti ko roba mai sheƙi yana aiki da kyau, domin a ƙarƙashin ƙyallin akwai hasken da ya watsu. Tsiraren ƙarfe kuwa kusan duk abin da yake mayarwa ƙyallin ne. Ka tace shi, ka tace abincinka, sai duhu ya ƙaru. Yana taimakawa a matsayin ƙari, ba a matsayin magani shi kaɗai ba. Haka shuɗin haske da na'urori irin ATOS na kamfanin GOM suka shahara da shi, kamfanin da Zeiss ya saya a 2019: amfaninsa babba shi ne raba hasken majigi da hasken ɗaki, ba kashe ƙyalli ba. Ga matsalar lungu akwai dabarar amfani da ƙananan ratsi zalla masu kusan faɗi ɗaya, wadda Mohit Gupta da Shree Nayar na Jami'ar Columbia da ke New York suka gabatar a 2012. Tana rage cakuɗewar sosai a kan abin da ba shi da tsananin sheƙi, amma idan bangon ya kusa zama madubi, ƙarfinta yana raguwa.

To, ina koyon na'ura ya shigo? Nan ne ake yawan ruɗa mai saye, domin suna ɗaya ake bai wa ayyuka uku da hatsarinsu ya sha bamban.

Asalin abin ba don ƙyalli aka fara shi ba, don sauri ne. Tun 1983 Mitsuo Takeda a Japan ya nuna ana iya fitar da siffa daga hoton ratsi guda ɗaya ta hanyar lissafin Fourier, sai dai gefuna da ƙananan bayanai suna lalacewa. A 2019 Shijie Feng da Chao Zuo da abokan aikinsu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Nanjing a ƙasar Sin suka horar da ragar lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta riƙa karɓar hoto ɗaya tana ba da sakamako mai kusa da na matsawa goma sha biyu. Hikimarsu ita ce ba su ce wa ragar ta faɗi nisa kai tsaye ba. Sun sa ta fitar da lambobi biyu da ake rabawa a tsohon lissafin, sauran aikin suka bar wa dokar haske da kusurwa. Daga nan ne masu bincike da yawa suka juya dabarar zuwa kan ƙarfe, mafi yawansu da tsarin U-Net, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Freiburg ta Jamus a 2015 don hotunan ƙwayoyin halitta, ba don ƙarfe ba.

Aiki na farko shi ne ragar ta zama mai ba da shawara: ta duba hoton gwaji ta ce buɗewa biyu kaza da kaza sun isa maimakon biyar, ko ta ce a juya abin zuwa kusurwa kaza, ko ta yi wa ɗigon da haske ya cakuɗe a kansu alama a zubar da su. A nan ragar ba ta taɓa awon kansa ba. Idan ta yi kuskure, abin da za a samu rami ne ko ɓata lokaci, ba ƙarya ba. A ganina wannan ne amfanin koyon na'ura da ya fi kowanne tsafta, kuma shi ne aka fi rainawa saboda ba ya burgewa a bidiyon talla.

Aiki na biyu shi ne gyaran ratsin da ya ji rauni amma bai mutu ba: wanda ya yi duhu har hayaniya ta kusa rufe shi, ko wanda kansa ya ɗan gutsure a hoto ɗaya cikin huɗu. Bayanin yana nan, a raunane ne kawai, kuma ragar da ta ga dubban misalai tana iya tsamo shi fiye da tsohon lissafi. Nan ne ake samun ribar gaske, a koma daga hoto 60 zuwa 12 ko ƙasa da haka, da asarar daidaito kaɗan.

Aiki na uku shi ne cike gurbin da ya tumbatsa gaba ɗaya, inda kowane fiksil a kowane hoto 255 yake nunawa. A nan dole a faɗi gaskiya: babu bayani a wurin. Kyamara ba ta ga komai ba. Abin da ragar za ta zuba a gurbin hasashe ne daga maƙwabtan wurin da kuma abin da ta saba gani lokacin horo. Sau da yawa hasashen yana dacewa, domin yawancin fuskokin ƙarfe sumul suke ci gaba. Amma me ya sa ake duba kayan tun farko? Don a kama wanda bai ci gaba sumul ba, mai lotsawa, mai karce, mai ƙaramin rami. Ragar da aka horar da lafiyayyun kaya ta koyi cewa lafiya ita ce al'ada, don haka idan aibi ya faɗo a tsakiyar farin gurbi, za ta shafe shi ta ba ka fuska mai kyau. Ga wanda ke son siffar abu don ya sake zana shi a kwamfuta ko ya nuna shi a allo, wannan alheri ne. Ga mai duba inganci kuwa, an ba kura ajiyar nama.

Sai batun malami. Raga tana koyo ne daga misalai masu amsa, kuma amsar gaskiya ta ƙarfe mai ƙyalli daga ina za ta fito? Daga ɗaya cikin tsofaffin hanyoyin nan. Idan an fesa kayan don a samu amsa, ragar za ta koyi kaurin hodar tare da siffar. Idan da hotuna masu yawa aka samu, ta gaji kuskurensu na lungu. Na'urar awo mai taɓawa da tsinke, wato CMM, ta fi su daidaito, amma ɗigo kaɗan take bayarwa kuma a hankali, ba miliyoyin da horo ke so ba. Wasu suna kauce wa wannan ta hanyar gina tagwayen na'urar a cikin kwamfuta, da manhaja irin Blender, su ƙirƙiri dubban hotuna da amsarsu ba ta da kuskure. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙarfen kwamfuta ya fi na gaske ladabi. Na gaske yana da sawun haƙorin injin yanka, wanda ke jefa haske ta fuska ɗaya fiye da ɗaya, yana da ɗan maiƙo, yana da shatar yatsa. Ko ta wace hanya aka bi, da wuya ɗalibi ya wuce malaminsa a daidaito. Abin da yake fin sa shi ne sauri.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan wata shida. An sauya ruwan tabarau na kyamara, ko haƙorin injin ya dakushe fuskar kayan ta sauya sheƙi, ko an koma sayen ƙarfe daga wani wuri. Tsohon lissafi bai damu ba, a sake daidaita na'ura a ci gaba. Raga kuwa tana iya fara kuskure a shiru, ba tare da wata alama ba, tana ba da siffa mai kyan gani. Masu binciken Nanjing ɗin sun fitar da wani aiki a 2021 inda ragar ke ba da amsa tare da taswirar yadda take shakkar kowane fiksil. Duk manhajar da ba ta da irin wannan taswira, ko aƙalla launi da ke raba ɗigon da aka auna da wanda aka hasasa, ni ba zan sa hannu a rahotonta ba. A tuna kuma cewa ƙa'idojin gwada na'urorin nan, VDI/VDE 2634 ta Jamus da ISO 10360-13, ana yin su ne galibi da ƙwallaye da sanduna masu dusasshiyar fuska. Lambar daidaiton da ke jikin takardar talla ba ta yi maka alkawarin komai a kan gogaggen ƙarfenka ba.

Zaɓin ya rataya ne a kan yawan kaya, da tsananin rangwame, da kuma ko aibi ake nema ko siffa. Mai ƙaramin wurin aiki da yau aka kawo masa murfin inji, gobe farfela, jibi wani abu daban, ba shi da abin da zai horar da raga da shi, kuma ba ya buƙata. Feshi mai gushewa ya ishe shi muddin rangwamen ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ko fiye. Idan rangwamen ya matse zuwa maikiron ashirin ko talatin, tsohuwar ƙa'idar masu awo ta ce ma'auni ya fi rangwame kaifi sau goma, kuma feshin gwangwani ya faɗi wannan jarrabawa. Sai a koma hotuna masu yawa ba feshi, daga kusurwoyi da dama, domin wurin da ya tumbatsa daga nan sau da yawa lafiya lau yake daga can. Juya teburi ya fi kowace manhaja araha. Muhimman ramuka da kwarmi kuma a tabbatar da su da tsinken CMM.

Koyon na'ura yana biyan kuɗinsa ne inda kaya iri ɗaya ke wucewa dubbai, feshi ba zai yiwu ba, kuma daƙiƙoƙin da aka ware wa kowane kaya ba su isa hoto 60 ba. A nan kamannin kayan, wanda a ƙaramin wurin aiki babu shi, ya zama jari. Ko a nan ɗin, aiki na farko da na biyu zan ɗauka, in hana na uku a duk wurin da aibi ke da muhimmanci. Kuma a sa a lissafi cewa ba sayen rana ɗaya ba ne: akwai kwamfuta mai katin zane mai ƙarfi, akwai tattara misalai, akwai wanda zai riƙa cire kaya ɗaya lokaci-lokaci yana auna shi da hanya mai jinkiri don a ga ko ragar ta fara zamewa.

Idan kuwa fuskar madubi ce sosai, irin kurom ko ƙarfen da aka goge har mutum yana ganin fuskarsa, duk wannan muhawara ba ta shafe ta ba, domin ratsin majigi ba ya zama a kanta balle a gyara shi. Ko dai a fesa, ko a koma wata dabara daban, diflektometiri, inda ake nuna ratsi a allo, kyamara ta kalli hotonsa a cikin ƙarfen, a lissafa gangaren fuskar. Da ita ake duba fentin jikin mota da gilasai, kuma tana kama 'yar lotsawar da ido ba ya gani, sai dai ba ta da ƙarfi wajen ba da cikakken girman abu.

Wanda mai sayarwa ya zo masa da manhaja, kada ya yarda da gwaji a kan kayan da mai sayarwar ya kawo a jakarsa. Ya ɗauki kayansa guda biyu masu kama ɗaya, ya yi wa ɗaya 'yar lotsawa a daidai wurin da ya fi ƙyalli, ya auna zurfinta da tsinke, kada ya faɗa wa kowa inda take. A yi sikan ɗin duka biyun da manhajar a kunne, a sake yi tana kashe, sannan a juya kayan kwata ɗaya a kan teburi a maimaita, a ga ko zurfin lotsawar da manhajar ta bayar ya tsaya a lamba ɗaya.